Tayoyin Ranar Talata

A gidan nan duk abin da Auta ya taɓa sai an yi masa tafi. Haka Yaya ya taso ya gani, haka kuma furfura ta fara fito masa a gefen kunne yana gani. Shi ne babba, ya ba Auta shekara goma sha ɗaya. Shi ya fara gama makaranta, shi ya fara aure, shi ya sauya rufin gidan lokacin da ya soma yoyo, amma abin da yake samu daga bakin Inna bai taɓa wuce "To, madalla" ba. Auta kuwa ko ƙwan fitila ya sauya sai maƙwabta sun sha labari.

Yaya mai awon filaye ne. Ba ya fita ba tare da tef ɗin awo a aljihu ba, kuma ya yi imani cewa babu abin da ba a iya aunawa a gane wanda aka ƙwara. Da wannan idon yake duban rabonsa a wajen mahaifiyarsa, kuma kullum ya auna sai ya ga bai cika ba.

Abu ɗaya ne nasa shi kaɗai, ranar Talata. Shekara biyu da suka wuce Inna ta zame a banɗaki ta bugu a ƙugu, likita ya ce sai an riƙa yi mata gashin ƙashi duk mako. Asibitin yana can ɗaya gefen gari, tafiyar minti arba'in idan hanya ta yi kirki. Saboda wannan tafiyar Yaya ya rabu da tsohuwar motarsa ya sayi ƙaramar jif irin ta 'yan gayu, ruwan toka, mai kujerun fata. Ranar da ya je wurin dila bai tambayi gudunta ba. Tef ya zaro ya auna tsayin kujera daga ƙasa, don ya tabbatar Inna za ta zauna ba tare da ta sunkuya ko ta yi hawa ba. Tayoyinta masu kauri ne, idan ta faɗa rami sai ka ji kamar an taka katifa.

Da zarar Inna ta shiga, sai ta cire takalma ta miƙe ƙafa, bakinta ya buɗe. A cikin motar nan Yaya ya ji abubuwan da bai taɓa ji ba a shekara arba'in da tara. A nan ya ji cewa marigayi babansu, mutumin da tarinsa kawai ke sa gida ya yi tsit, yana tsoron allura har ya taɓa gudu daga asibiti ba takalmi. Ranar da ta ba shi wannan labarin dariya ta ci ƙarfinsa, ya goga tayar gaba ta dama da dakalin ƙofar asibiti, ƙarfen tayar ya samu tabo mai lanƙwasa kamar ƙugiya. Bai gyara ba. Duk lokacin da Inna za ta shiga sai ta nuna tabon da sandarta ta ce, "Ga sa hannun babanku nan." A hanyar dawowa kuwa barci take yi. Suna wuce wani shataletale mai agogo a tsakiya, agogon da ya daɗe da tsayawa, kanta zai karkata zuwa ɓangarensa, shi kuma ya rage rediyo ya rage gudu, ya ji a ransa cewa yau kam awo ya cika.

To, ana nan sai wata Asabar, suna zaune a falon Inna ana shan shayi, aka ji hon a ƙofar gida, irin hon ɗin wanda yake so a fito. Aka fito. Auta ne tsaye jikin sabuwar mota, baki har kunne, yana kaɗa makulli a yatsa.

Yaya ya duba, ai motarsa ce sak. Kamfani ɗaya, girma ɗaya, har launin ruwan tokar. Amma kuma ba ita ba ce. Ƙarafan tayoyin wannan baƙaƙe ne wuluk, manya, robar da ke kansu siririya kamar shafa ta aka yi. Ta tsakanin ƙarafan kana hango birki jajawur. Ragar gaba baƙa, madubai baƙaƙe, bakin salansa biyu a baya, ga wani ɗan tambari mai ƙyalli a gefen ƙofa. Motar Yaya tana ajiye a kusa da ita, nan take ta koma kamar yayar da ta rako ƙanwarta ɗaukar hoto.

"Sifot ake ce wa irin wannan, Yaya," in ji Auta. "Taka ce fa, ba wani bambanci. Kawai an ƙara mata kwalliyar motocin tsere ne."

"Injin fa?"

"Iri ɗaya ne."

"Gudun?"

"Ɗaya."

"Ashe fenti ka sayo," Yaya ya faɗa yana wata dariya da ba ta wuce haƙora ba.

"Fentin ma ai abin kallo ne," Auta ya ce, ko a jikinsa.

Inna ta ƙaraso tana dogara sanda. Ta zagaya motar sau ɗaya a hankali, ta leƙa ciki, ta shafa jan zaren da aka yi wa kujerun ɗinki da shi, ta taɓa sitiyarin da aka daddaɓe ƙasansa. "Kai, kai, kai! Auta, wannan ai sai a sa ta a falo. Dubi jan abin nan a cikin taya kamar an sa mata lalle. Allah ya sanya albarka, ɗan nan, ka iya zaɓe."

Ranar da Yaya ya kawo tasa, abin da ta ce shi ne, "Allah ya tsare hanya." Yana riƙe da kalmomin nan huɗu har yau, bai yar da ko ɗaya ba.

Ya yi kamar makullinsa ya faɗi, ya tsuguna a gefen tayar baya, ya zaro tef ya auna tazarar da ke tsakanin taya da jikin mota. Ya je ya auna tasa. Ta Auta ta fi kwanciya ƙasa da santimita biyu da rabi. Santimita biyu da rabin nan su suka ba ta wannan tsayuwar ta isa, kamar mai shirin zabura. Yana cikin mayar da tef ɗin aljihu ya ji abin da ya ƙarasa shi.

"Talatar nan kai za ka kai ni," Inna take ce wa Auta. "Ni ma in ɗana."

Ranar Talatar nan Yaya ya wuni a wani fili bayan gari da na'urarsa mai ƙafa uku, ya auna iyaka ɗaya sau uku yana samun amsa uku. Kishi ne, ba wani abu ba, kuma ya san kishi ne, sanin bai rage masa komai ba. Ƙarfe tara ya ce yanzu ta cire takalma. Tara da kwata ya ce yanzu tana ba shi labarin allura, labarin da shi ya biya da ƙarfen tayarsa. Sha ɗaya da rabi ya ce yanzu sun wuce shataletale, kanta ya karkata. Ya daka wa mai filin tsawa a kan tambayar da ba ta kai ta kawo ba, ya dawo yana ba shi haƙuri.

Da Litinin ta zagayo sai ga wayar Inna. "Babba, gobe kai za ka zo ko?"

"Ina Autan?"

"Wurin aikinsu sun tura shi wani gari, sai bayan mako biyu."

Wato shi ne abin toshe rami. Ya haɗiye wannan ma. Washegari da ta shiga ta cire takalma, ya daure har suka hau babban titi, sannan ya tambaya kamar ba komai, "Yaya kika ji motar Auta?"

Inna ba ta taɓa kushe ɗa a gaban ɗan'uwansa ba, ba kuma a ranar za ta fara ba. "Mota mai kyau," ta ce. "Kowa a asibiti sai da ya leƙa ta. Maigadin ƙofa har sara mana ya yi."

Shekara biyu Yaya yana shiga ƙofar nan, maigadin bai taɓa ɗaga masa ko gira ba.

Da yana cikin hankalinsa, da ya lura cewa a ranar Inna ta fi jinkiri wajen sauka, kuma ta dafa kafaɗarsa da ƙarfi fiye da yadda ta saba. Da ya ji lokacin da mai gashin, wata doguwar mata mai faɗa, take cewa daga bayan labule, "Mama, me kika yi wa bayan nan a makon jiya? Ya koma baya." Yana zaune a benci taku biyar daga labulen. Amma kansa yana cikin waya, yana buɗa hoton baƙin ƙarfen taya da yatsu biyu.

Matarsa Malama ce ta fara kama shi. Da safe tana duba littattafan ɗalibanta a teburin cin abinci, ta miƙa hannu ɗaukar jan biro sai idonta ya faɗa kan wayarsa.

"Baban yara, ba kai ka ce fenti ne kawai ba?"

"Wa ya ce miki saboda Auta nake dubawa?"

"Ni ban ambaci sunan kowa ba," ta ce, ta ci gaba da aikinta tana murmushin da ya fi zagi ciwo.

A ranar ya tafi gareji. Bakaniken gidansu tun zamanin babansu wani gajeren mutum ne mai sanƙo da kowa ke kira Ba-Matsala, domin ba a taɓa kawo masa maganar da bai amsa da haka ba. Ka ce masa injinka ya kama wuta, ba matsala. Ka ce masa kana son motar gobe alhali aikin mako ne, ba matsala. Yaya ya same shi a cikin rami ƙarƙashin wata motar ɗaukar kaya, rediyo yana ta surutu a kan durom, ko'ina warin baƙin mai. Can ƙuryar garejin an lulluɓe wata mota da tamfol, an ɗora ta a kan kututture huɗu, ba taya ko ɗaya.

Yaya ya kira shi ya fito, ya ja shi gefe ya nuna masa hoto. Yana son baƙaƙen ƙarafa manya da siraran tayoyi. Yana son motar ta kwanta ƙasa da santimita biyu da rabi, ba biyu ba, ba uku ba. A shafa wa birki ja, a baƙanta ragar gaba da madubai.

Ba-Matsala ya goge hannu da tsumma, ya dubi hoton, ya dubi Yaya, ya saci kallon ƙuryar gareji. Wani abu ya motsa a gefen bakinsa, ya danne.

"Ba matsala, Yallaɓai. Kai fa mai sa'a ne. Akwai wani da ya kawo irin kayan nan gaba ɗaya, tayoyi da sifirin ɗin da ke ɗaga jikin mota da komai, ko wata ɗaya bai yi a kansu ba. Wai ba ya so. Irin naka yake nema, masu kauri. Musaya kawai za a yi."

Yaya ya yi dariya ta gaske, karo na farko a kwana goma. "Duniya da mutane! Ya samu sifot ya ce ba ya so? Wane ne wannan?"

"Ya ce kada in faɗa."

"To ni ma kada ka faɗa. Musamman Auta, kada ya ji cewa na zo nan."

"Ba matsala." Ya ɗan sosa sanƙonsa. "Sai dai fa, Yallaɓai, za ta yi tauri. Tayar nan ba ta da nama, sifirin kuma gajere ne. Ko tsakuwa ka taka sai ta gaishe ka."

"Na tambaye ka?"

"Ba matsala."

Ranar Asabar ya karɓi motar. Kai, ta yi kyau, wannan ba a musu. Ya tsaya a bakin gareji yana kallonta har wani mai babur ya rage gudu ya ɗaga masa babban yatsa. Ya zaro tef ya auna, santimita biyu da rabi cif. A hanyar gida ya fara jin abin da bakanike ya faɗa. Titin da ya shekara goma yana bi yana zaton sumul ne, ashe duk faci ne da tsaga, kuma kowanne sai da ya gabatar da kansa. Ya gaya wa kansa cewa wannan shi ake kira riƙe hanya. Da yamma ya ɗauki Malama su zaga, a tudun rage gudu na bakin layinsu ta ciji harshenta.

"Baban yara," ta ce tana dafe da baki, "a cikin wannan za ka sa Inna?"

"Ta shiga ta Auta ta yaba. Iri ɗaya ce yanzu."

Malama ta dubi fuskarsa, ta juya tana kallon titi.

Talata ya isa da wuri, ya wanke motar har tana ɗaukar ido, ya ajiye ta a karkace yadda jan birkin zai fuskanci ƙofa. Inna ta fito. Ta ɗaga sanda za ta nuna tabon nan kamar kullum, sandar ta tsaya a iska.

"Ina sa hannun babanku?"

"Na sauya tayoyin, Inna. Ba ki ga ta yi kyau ba?"

Ta daɗe tana kallon baƙin ƙarfen. Ya jira ta ce kai, kai, kai. Ya jira ta ce ya iya zaɓe.

"To, madalla," ta ce.

Ta shiga, ta cire takalma. Kafin su fita daga layin ta mayar da su, ta dasa ƙafafunta a ƙasa. Ta fara ba shi labarin wata maƙwabciyarsu ta dā, tayar gaba ta faɗa wani ɗan rami da a baya ko sanin yana nan ba su yi ba, maganar ta yanke a tsakiya. Ba ta ɗora ba. Ta kama mariƙin da ke saman ƙofa da hannu biyu. Yaya ya rage gudu har masu bayansa suka fara hon, ya riƙa kauce wa faci kamar mai tuƙi a gonar ƙwai, amma titin gari ba ya ƙarewa da kaucewa. Duk tsagar da suka taka yana jin ta a kujerarsa, sannan ya ji ta a numfashin Inna.

A ƙofar asibiti akwai tudu biyu a jere. Ya hau na farko a hankali iya yinsa. A na biyu ta ce, "Wash," ƙasa-ƙasa, kamar ba ta so ya ji. Maigadin ya ƙame ya sara musu.

Wannan karon Yaya ya ji mai gashin sarai, domin fitowa ta yi ta tsaya a kansa. "Kai ne ɗanta? A kan me kuke ɗauko matar nan, amalanke? Ta fara dawowa daidai, yau kun mayar da ni inda na fara. Wancan makon na tambaye ta, ta ce ba komai. To ni hannuna ba ya ƙarya."

Wancan makon. Yaya ya tsaya da wannan magana a kunnensa. Ya lissafa baya, ya ga wace mota ce ta ɗauko ta kafin wancan makon, sai ya ji kunya ta rufe shi tun daga wuya.

A hanyar dawowa ba ta yi barci ba. Sun wuce shataletalen da agogonsa ya tsaya idonta biyu, gumi a goshinta duk da sanyin mota. Da suka kusa gida ya tambaye ta.

"Inna, ta Auta ma haka ta yi miki?"

Ta ce, "Kwana biyu ban tashi ba."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Yaro ya sayi abinsa yana murna, in ce masa me? Na ce a raina ai ina da taka." Ta gyara riƙon mariƙin. "Kai ba ka buƙatar a yi ta zuga ka, Babba. Shi ne ke buƙata."

Wannan ita ce magana mafi daɗi da ta taɓa gaya masa, kuma ta zo ne a ranar da bai cancance ta ba.

Kwana uku Inna tana kwance. Malama ce take zuwa ta zauna da ita bayan an tashi makaranta, kuma ba ta ce wa mijinta "ai na faɗa maka" ba ko sau ɗaya, abin da ya fi damunsa ke nan. Ranar Laraba tun kafin a gama buɗe gareji yana tsaye a ƙofa.

"Kayana nake so. Tayoyina da sifirin ɗina. A mayar yau."

"Ba matsala," in ji Ba-Matsala, sannan ya sosa sanƙo. "Sai dai an riga an ɗaura wa mai su."

"A kwance."

"Ai musaya aka yi, Yallaɓai. Nasa ne yanzu. Ya ma turo an ɗauki motar jiya." Ƙuryar garejin babu komai sai tamfol a naɗe da kututture huɗu.

"To a nemo mini sababbi."

"Ba matsala. Sai an yi oda daga waje. Wata biyu, in an yi sa'a."

"Ka ba ni lambar mutumin in roƙe shi."

"Ya ce kada in faɗa. Kai ma ka ce kada in faɗa. Ni kuma duk na ce ba matsala."

Yaya ya fita ba sallama. Ya wuce kasuwa ya sayi matasan kai biyu masu laushi da wata 'yar katifar kujera. Ya rage iskar tayoyin. Ranar Lahadi ya bi hanyar asibiti shi kaɗai da takarda a gefe, yana rubuta kowane rami da inda yake, ya fitar da wata hanya ta bayan gari wadda ta fi tsawo da minti ashirin amma ta fi santsi. Aikinsa ne, ya iya shi. Ya yi niyyar ranar Talata zai nuna wa Inna taswirar, ya san za ta yi dariya, daga dariya kuma labari zai dawo.

Talata ƙarfe takwas da rabi ya shigo layin, sai ya tarar da mota a inda ya saba tsayawa. Ta Auta ce, da baƙar ragarta da ɗan tambarinta. Ya tsaya a bayanta ya fito rungume da matasan kai.

Auta yana rufe wa Inna ƙofar gaba. Ya juyo zai gaishe da yayansa, idonsa ya sauka kan tayoyin motar Yaya, gaisuwar ta maƙale. Yaya kuma nasa idon yana kan tayoyin Auta. Fararen ƙarafa ne, da roba mai kauri. Ya zagaya ta gaba ta dama, ƙafafunsa suna kai shi ba da izininsa ba. Tabon yana nan, mai lanƙwasa kamar ƙugiya.

Ba wanda ya yi dariya, ko da yake abin na dariya ne.

"Kai ne mutumin," in ji Yaya.

"Ashe kai ne ɗaya mutumin," in ji Auta. Ya sunkuyar da kai yana murza makulli. "Ranar da na kai ta, Yaya, ina ganin yadda take cije baki. Ba ta ce komai ba, amma na gani. Kafin in yi tafiya na kai wa Ba-Matsala, na ce ya nemo mini irin naka ko a ina ne. Kunya ta hana ni tambayarka, bayan duk cika bakin da na yi."

"Don kai ta sau ɗaya ka lalata sabuwar mota?"

"Ba don sau ɗaya ba." Auta ya ɗago. Idonsa ya yi ja, kuma Yaya ya gane abin da ke ciki, domin ya saba ganinsa a madubi. "Shekara biyu kuna dawowa kuna dariya, in tambaya a ce ba komai. Ni sai a yaba mini takalmi, a yaba mini aski, kamar ɗan shekara bakwai. Ban san Baba yana tsoron allura ba sai a bakin matarka. Kai kake da Inna, Yaya. Ni tafi kawai nake samu."

Yaya yana da jawabin shekara talatin a shirye a kan wanda aka ƙwara a gidan nan, amma ya neme shi ya rasa.

Gilashin ƙofar ya sauka. Inna ta leƙo, ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta dubi matasan kan da ke ƙirjin Yaya. Ya hango ƙasan kujerar. Takalmanta suna gefe, ta miƙe ƙafa.

"Na ga sa hannun babanku ya dawo," ta ce. "Babba, kawo matashi ɗaya in sa a bayana. Yauwa, Allah ya yi albarka. Kai kuma ka je aikinka ka huta. Shekara biyu kana fama, ƙaninka ya karɓe ka."

"Inna, wata biyu ne kawai, za a kawo mini wasu. Na ma samo wata hanya, ga taswira..."

"To, in sun zo ma gani. Auta, mu je, matar nan ba ta son a makara."

Suka tafi. Yaya ya tsaya da matashi ɗaya a hannu. Sannan ya shiga motarsa, ba don ya yanke shawarar komai ba, ya bi bayansu. Ya bar mota biyu a tsakani. Ta gilashin baya yana hango hannun Inna yana tashi yana sauka, alamar labari ya kankama, can kuma ya ga kafaɗun Auta suna rawa don dariya har motar ta ɗan karkace.

Bai shiga asibitin ba. Ya tsaya a ƙarƙashin wata bishiya a tsallaken titi awa ɗaya da rabi, mutum biyu suka tsaya suka yaba masa tayoyi, ɗaya har ya ɗauki hoto. Da suka fito ya sake bin su. Kowane faci na titin yana dukansa a ƙugu, motar gabansa kuwa tana bi ta kansu lumui.

A shataletalen da agogonsa ya tsaya, kan Inna ya karkata a hankali zuwa ɓangaren direba. Fitilun birkin Auta suka kawo ja, ya rage gudu. Yaya ma ya rage nasa, ya miƙa hannu ya rage rediyo, sai a lokacin ya tuna ba kowa a kujerar sai matashin kai.